Saƙon Wayar Da Ya Cinye Bijiman Baba

Abubuwa da yawa sun faru da mu a Mubi waɗanda tsawon lokaci ya fara goge su daga raina, amma ban da wannan. Ko da zan tsufa har in riƙa rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta da makonnin nan da na yi ina bin sawun kuɗin mahaifina, bayan ni da kaina na miƙa su ga ɓarawo. Ba bindiga aka ɗora min ba, ba wuƙa ba. Cikin ladabi aka roƙe ni, ni ma cikin ladabi na bayar, har da godiya a ƙarshe. Shi ya sa har yau idan na tuna sai haushi ya taso min sabo fil, kuma fiye da rabin haushin nan na kaina nake ji.

A shekarar da muka dawo gari bayan gudun hijira abin ya faru. Mun tarar da gidan Baba bango kawai ke tsaye. Rufin ɗakuna uku ya ƙone, sai wani ɗan ɗakin ajiya da ke gefen zaure ne ya tsira, shi ma kwanonsa duk huji. A nan Baba da Inna suka tare. Na yi juyin duniya su dawo wurina, inda nake haya da iyalina, Baba ya ce shi ba zai kwana a gidan haya ba alhali yana da nasa. Baba dillalin shanu ne a tike, wato kasuwar shanunmu, ya fi shekara arba'in yana wannan sana'a. Abin da ya rage masa a duniya bijimai biyu ne da ya ba wani amininsa Bafulatani kiwo a wajen Wuro Patuji, mutumin ya shiga daji da su lokacin tashin hankali, ya kuma dawo masa da su lafiya lau. Baba ya yanke shawarar sayar da su ya rufa gidansa kafin ruwa ya sauka.

Wani ɗan kasuwa daga kudu ya saye su a kan naira dubu ɗari huɗu da ashirin. Ya ce ba ya yawo da tsabar kuɗi saboda hanya, sai dai ya tura ta banki. Baba bai taɓa buɗe asusu ba a rayuwarsa, kuma bai so wannan tsari ba ko kaɗan. Shi ya saba a ƙirga masa kuɗinsa a tafin hannu, a gaban shaidu, ya cusa a aljihun ciki. A nan ne ni kuma na shigo da bokona. Lokacin ina koyar da darasin kwamfuta a wata makarantar sakandare, kuma ina ji da kaina ba kaɗan ba. Na ce, "Baba, zamani ya canja. Kuɗi a aljihu su ne haɗari. A tura asusuna, daga nan in tura wa mai kwano a Yola, ya ɗoro mana a mota, ko gumi ba za mu yi ba."

Ya dube ni na ɗan lokaci, ya ce, "To, malamin kwamfuta, ai kai ka san wannan." Haka yake kirana idan yana son tsokanata. Kuɗi suka shigo, na nuna masa alat a waya, ya kalli rubutun kamar yadda yake kallon saniyar da bai yarda da lafiyarta ba.

Sai na yi wa mai karatu bayanin halin da muke ciki, don kada ya ɗauka wauta ce zalla, ko da yake akwai ta. A lokacin babu banki ko ɗaya da ke aiki a garin. Duk mai matsala da asusunsa sai ya tafi Yola, kuma tafiyar da a da ake yin ta kafin azahar ta koma ta wuni guda saboda shingayen bincike. A sauke ku, ku ɗaga hannu, ku nuna katin shaida, ku taka a ƙasa, ku sake hawa, gaba kaɗan a sake sauke ku. Ga shi kuma lokacin ne ake ta maganar lambar BVN, kullum rediyo na cewa wanda bai haɗa ta da asusunsa ba za a rufe masa. Kowa a tsorace yake, kuma kowa na neman hanyar da za ta hutar da shi zuwa Yola.

Kwana biyu da shigowar kuɗin, ina makaranta lokacin hutun tara, sai ga saƙo ya shigo da sunan bankina a sama. Ya ce ana sanar da masu asusu a reshen Mubi cewa, tunda reshensu a rufe yake, an ba su damar sabunta bayanansu ta intanet cikin awa ashirin da huɗu, in ba haka ba za a dakatar da asusun. Ga wurin dannawa a ƙasa. Wallahi abin da na fara ji shi ne daɗi. Na ce a raina, kai, ashe bankin nan na tausayinmu. Maganar reshen Mubi da aka ambata ita ta gama da ni, don na ga ai sun san halin da muke ciki.

Sabis ba ya kamawa sosai sai a bayan ofishin shugaban makaranta, gindin wata bishiyar dalbejiya. Can na je na tsaya ina ɗaga waya sama. Shafin ya buɗe da tambarin banki da launinsa, komai tsaf. Na sa lambar katina, na sa ranar ƙarewarsa, na sa lambar sirri. Ni, wanda a satin da ya wuce na rubuta wa ɗalibai a allo da manyan baƙaƙe cewa ba a ba kowa lambar sirri. Minti biyu ba a yi ba sai ga kira. Wata murya ce ta namiji, Turanci mai santsi, ya kira ni da cikakken sunana, ya jajanta min abin da ya same mu a Mubi, sannan ya ce za a turo min wasu lambobi shida in karanto masa don a kammala. Suka shigo, na karanto masa ɗaya bayan ɗaya, har na maimaita masa don sabis ya ɗan yanke. Ya yi min godiya, ni ma na yi masa.

Ina cikin aji ina zana hoton kwamfuta a allo, don na gaskiyar duk an kwashe su, sai na matsa kusa da taga, wayar ta fara motsi a aljihuna ba ƙaƙƙautawa. Na ciro. An cire dubu ɗari biyu. An sake cire dubu ɗari biyu. Sauran an sayi katin waya da su, har da ɗan ragowar albashina. Abin da aka bar min bai kai kuɗin keke napep zuwa gida ba. Na zauna a kan bencin gaba. Na kira lambar da ta kira ni, a kashe. Na kira lambar banki ta gaskiya da ke bayan kati, wani kiɗa ya yi ta tashi a kunnena har kuɗin wayata suka ƙare.

Ban gaya wa Baba ba. Da ya tambaye ni maganar kwano da yamma, na ce masa matsalar netwok ce, sai na je Yola da kaina. Ya ce, "Ashe dai za a yi gumin." Na yi kamar ban ji ba.

Washegari na ranci kuɗin mota na kama hanya tun da sassafe, ban isa ba sai da aka kusa tashi daga aiki. Layin da na tarar ya fito har bakin titi, mutanen Mubi da na Michika da na Maiha duk an haɗu a reshe ɗaya. Na roƙi mai gadi, na roƙi waɗanda ke gabana, har na samu na shiga. Saurayin da ke teburin sauraron koke bai ko ɗago kai sosai ba. Ya saurare ni yana danna kwamfuta, sannan ya ce, "Ai kai ka ba su lambar." Na ce na sani. Ya ce, "To banki ba shi da laifi." Na ce ban zo neman mai laifi ba, na san shi, ga shi tsaye a gabanka, kuɗin nake so a tare. Ya turo min fom, ya ce in kawo rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa daga kotu da hoto biyu. Na dubi agogo, na dube shi, na ji kamar in haɗiyi zuciya.

Allah ya taimake ni da wata mata da ke teburin gefe. 'Yar Michika ce, a reshen Mubi take aiki kafin a watse, kuma na taɓa koyar da ɗanta. Ta yafito ni. Ta ce, "Malam, kai ne ya yi wannan abu? Kai da kake koya wa yara?" Na ce ni ne. Ta girgiza kai, ta ja kujera ta duba. Ta ce, "Na kati ya tafi, ka manta da shi. Amma dubu ɗari huɗu ɗin ya shiga akawun ɗaya a wani banki. Bari na tura musu saƙo yanzu yanzu su riƙe akawun ɗin. Amma ka sani, riƙewa daban, dawo da kuɗi daban. Wannan sai kotu." Ta bugo min takardar bayanin asusuna, ta ja layi da biro a ƙarƙashin sunan mai asusun da kuɗin suka shiga. Ta ce, "Wannan takarda, ka riƙe shi da kyau." Na karanta sunan, ban san mai shi ba, na ninke na sa a aljihu.

Daga nan na shiga wata irin rayuwa da ba na yi wa maƙiyina fatanta. A Yola aka ce rahoto sai a inda abin ya faru, wato Mubi. A Mubi aka ce ai kuɗi ba a Mubi suka ɓace ba, a cikin banki suka ɓace, banki kuma yana Yola. Da ƙyar wani ya yarda ya rubuta, bayan na yi masa bayani sau uku cewa ba a fasa min gida ba, ba a kuma ƙwace min waya ba. Ya ce, "To ina ɓarawon ya same ka?" Na ce a gindin bishiya. Ya ajiye biro ya kalle ni. Na kai rahoto banki, aka ce hatimin bai fito da kyau ba. Na sake kaiwa, aka ce jami'in da ke kula da irin wannan ya tafi hutu. Sau huɗu na yi wannan tafiya cikin mako uku, kowace tafiya da rancen kuɗin mota, kowace dawowa da sabuwar ƙaryar da zan yi wa Baba. Har sojan wani shinge ya gane ni, yana ganina sai ya ce, "Oga ticha, yau ma?"

Duk wannan ana yi, ni idona na sama. Gabas ta fara haɗa hadari da yamma, iska ta fara kawo ƙamshin ƙasa. Duk garin murna ake yi za a samu sauƙin zafi, ni kaɗai nake addu'ar Allah ya ƙara jinkirta ruwa, abin da ban taɓa zaton zan roƙa ba.

Ruwan farko ya sauko wata ranar Juma'a bayan la'asar, kuma ya zo da ƙarfinsa. Na ruga gidan Baba. Na tarar da Inna ta jera kwanuka da robobi a ƙasa suna tarar ɗiga, katifarsu ta jiƙe sharkaf, buhun masarar da aka ba su taimako yana cikin ruwa. Ita kuma ga tari tana fama da shi tun dawowarmu. Ta rakuɓe a lungu ɗaya da ya rage busasshe, ta lulluɓa da zane, da ta gan ni sai ta yi murmushi ta ce, "Ka jiƙe, zo nan ka tsaya." Wannan maganar ce ta karya ni. Baba na tsaye a bakin ƙofa yana kallon ɗakunansa uku suna shan ruwa. Bai juyo ba ya ce, "Malamin kwamfuta, kuɗin nan suna nan ko ba sa nan?"

Na ce, "Ba sa nan, Baba."

Na durƙusa a cikin ruwan na kwashe komai na gaya masa. Na shirya wa faɗa, na shirya wa zagi, har mari na shirya wa duk da girmana. Bai yi ko ɗaya ba. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Shi wanda ya kira ka ɗin, ka san shi?" Na ce a'a. "Ka san ubansa?" A'a. "To wa ya tsaya masa?"

Na ce, "Baba, ai ba a yin haka a waya."

Ya ce, "Shi ya sa." Sannan ya ce, "Kuɗi ba sa tashi sama. Hannun wa suka faɗa?" Na ciro takardar nan da ta sha ninki, na karanta masa sunan da aka ja wa layi, ba don ina tsammanin komai ba. Sai na ga ya juyo gaba ɗaya. Ya ce in sake karantawa. Na sake. Ya ce, "Mako uku kana yawo da wannan a aljihu?" Na ce e. Ya ce, "Wannan ai mai canjin sefa ne, kuɗin Kamaru, da ke zama a bakin tike. Na san shi tun yana ɗaukar wa ubansa jaka."

Ban san lokacin da na dafe kai ba. Na je Yola sau huɗu, na sha rana a layi, na ɗaga hannu a shinge ya fi sau talatin, ashe mutumin da nake nema yana zaune a inda Baba ke wucewa kowace ranar kasuwa. Na miƙe zan tafi wurinsa a lokacin, raina a ɓace, ina cewa yau sai na ga bayansa. Baba ya ce, "Zauna. Ka yi naka, bai yi ba. Yanzu bari a yi namu."

Ranar kasuwa muka tafi tare. Bai nufi wurin mai canjin ba, sai ya wuce rumfar shugaban dillalai, wani dattijon Bafulatani mai farin gemu da kowa ke ce wa Baffa. Suka gaisa doguwar gaisuwa, rabi Fulatanci rabi Hausa, aka tambayi gida, aka tambayi shanu, aka tambayi ruwan jiya, ni kuwa ina gefe kamar in fashe. Sai da aka gama duk wannan Baba ya faɗi abin da ya kawo mu, a taƙaice, bai ɓoye wautata ba. Dattijon ya dube ni ya ce, "Kai ne mai boko ɗin?" Na ce ni ne. Ya ce a kira mai canji.

Mai canjin ya zo, da ya ji bayani sai ya yi tsalle ya nuna ni da yatsa. "Ashe kai ne! Kai ne ka sa aka kulle min asusu! Mako uku kuɗin mutane na ciki, fatake na bina kamar na ci amanarsu, na je banki an ce wai ana bincikena!" Ni ma na taso, na ce kuɗin ubana ne a asusunka. Baba ya taka min ƙafa, na koma na zauna. Da aka lallashe shi ya yi bayani. Wani saurayi ne ya zo masa, ya ce maigidansa zai turo naira daga kudu, shi kuma a ba shi sefa zai tsallaka Kamaru sayen shanu. Irin wannan ciniki kullum ake yin sa. Kuɗi suka shigo kashi biyu, ya ƙirga masa sefa, ya tafi.

Dattijon ya ce, "Ka san yaron?"

Ya ce, "Ban san shi ba, Baffa. Amma ni ba na ba baƙo kuɗi haka kawai. Kawo shi aka yi." Ya faɗi wanda ya kawo shi, wani dillali matashi da bai daɗe da samun rumfa ba. Ya ce, "Shi ya ce min baƙonsa ne."

A nan ne na fahimci abin da Baba ke nufi da tambayarsa. A tike, baƙo ba ya saye ba ya sayarwa sai da wanda ya tsaya masa. Duk dillalin da ya buɗe baki ya ce wane baƙona ne, to ya ɗauki nauyinsa ke nan. Idan saniyar da baƙon ya kawo ta sata ce, ba a neman baƙo, dillalin ake kamawa, ko ya kawo shi ko ya biya. Don haka ne ma ake ba shi la'ada. Na girma ina jin wannan a bakin Baba, amma ban taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba, ina ganin al'adar mutanen da ba su iya rubutu ba ce.

Aka kira dillalin. Da farko ya so ya zille. Ya ce shi kasuwa biyu kawai ya san yaron, ya ce kuma wannan ai ba maganar shanu ba ce, maganar waya ce da banki, shi bai san kanta ba. Dattijon ya bar shi ya gama, sannan ya tambaye shi, "Ka ce baƙonka ne ko ba ka ce ba?" Ya ce ya ce. "Ka karɓi la'ada ko ba ka karɓa ba?" Ya sunkuyar da kai. Dattijon ya ce, "Bijimai biyu na wannan bawan Allah aka sace. Ko ta daji aka bi da su, ko ta waya, ta rumfarka suka fita. Na ba ka kasuwa biyu. Ka kawo baƙonka ko ka kawo kuɗi. In ba haka ba, kada ka sake riƙe igiya a nan." Ba fom, ba hoto biyu, ba hatimi. Zaman duka bai kai awa ɗaya ba.

Yadda dillalin ya yi ya samo yaron, shi ya sani. Abin da muka ji shi ne ya bi dangin wanda ya fara haɗa su, har ya kai ga wani gida a Belel, kusa da iyakar Kamaru, inda yaron ya ɓuya yana jiran hanya ta yi sauƙi ya tsallaka. Ashe shi ɗan aike ne kawai, masu murya mai santsin suna can wani gari, kuma ya riga ya aika musu wani kaso. Aka samu abin da aka samu a hannunsa, danginsa suka sayar da awaki suka cika wani abu don kada a kai shi gaba, dillalin ya ƙara nasa. Ranar kasuwa ta biyu aka ƙirga wa Baba naira dubu ɗari uku da hamsin a tafin hannunsa, a gaban shaidu, a rumfar dattijon. Sauran Baba ya ce ya yafe wa dillalin, don yana da ƙananan yara. Ya cusa kuɗin a aljihun ciki, ya dube ni.

Kada mai karatu ya ɗauka wahalata ta ƙare a nan. Mai canji ya ce ƙafata ƙafarsa sai na je an buɗe masa asusu, kuma gaskiyarsa ce. Muka sake kama hanyar Yola tare, yana min mita tun daga tasha har muka isa. A banki aka ce janye ƙorafi ma sai da takardar rantsuwa. Na yi dariya a wurin, irin dariyar da ke fitowa idan kuka ya ƙi zuwa. Matar nan 'yar Michika ce ta sake tsaya mana har aka gama. Da na ba ta labarin yadda aka yi, ta riƙe baki ta ce, "Ka ce Baba ya zo ya karɓi aikin manaja." Amma na gaya mata gaskiya, ba don ta sa an riƙe asusun nan ba, da mai canjin bai damu ya tona wanda ya kawo masa yaron da wuri haka ba.

Baba da kansa ya je sayen kwano, a wurin wani da ya fara kawowa cikin gari, ya biya da hannunsa. Kuɗin sun isa rufin ɗaki biyu, nasa da na Inna. Na ukun, wanda na tashi a cikinsa tun ina yaro, ya rage a buɗe. Ranar da kafinta ya buga ƙusa ta ƙarshe, Baba ya nuna min shi da sanda ya ce, "Wancan naka ne. Ka rufa shi ta intanet." Inna ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Sai da na yi wata bakwai ina tsimi daga albashina kafin na rufa shi, kuma duk ruwan da ya sauka a daminar nan a cikinsa, ina ji kamar a kaina yake sauka.

Bayan kusan wata biyar, an riga an fara girbi, sai ga kira daga banki. Wata murya ta ce ana duba ƙorafina, in kawo ƙarin kwafin katin shaida. Na ce mata Allah ya ba da lada, na kashe.

Baba ya rasu bayan 'yan shekaru, a ɗakin nan nasa, ana ruwa a kan kwanon da ya saya da kuɗin bijimansa. Ya bar min abubuwa kaɗan, amma wanda na fi amfani da shi tambayar nan ce tasa. Na gane cewa ba ilimi ne ya yi min ƙaranci a gindin bishiyar nan ba, na san duk abin da ya kamata in sani, har koyar da shi nake yi. Abin da na rasa shi ne abin da kowane dillali a tike ya sani tun yana yaro, cewa ba a miƙa dukiya ga wanda ba a san wanda ya tsaya masa ba, komai daɗin bakinsa, komai saurin da ya ce ana yi. Har yau ana kirana da irin wannan murya, a ambaci sunana, a ce za a rufe min asusu kafin gobe. Ba na faɗa, ba na zagi. Nakan bari mai kiran ya gama tsaf, sannan in ce masa, "Na ji. To kai wa ya tsaya maka?" Ban taɓa samun wanda ya amsa ba.